Daga Bakin Allo: Jinjirin Wata Da Idon Kyamara

 

Maganar da muka ɗauko yau ta ɗaukar hoto ce, amma gindinta maganar azumi ce da Salla. Kowace shekara, ran 29 ga Sha'aban ko 29 ga Ramadan, kafin a idar da sallar lisha wayoyinmu sun cika da hotuna. Wannan ya turo baƙin sama da wani ɗan fari-fari a tsakiya, ya ce ga wata an gani a Yendi. Wancan ya turo abu kamar an goga alli a bango, ya ce daga Bawku ne. Nan da nan gardama ta tashi a zaure da ƙofar masallaci, har akan wayi gari a gida ɗaya uba na azumi ɗa na cin tuwon Salla. Tun da aka mai da ranakun Salla biyu ranakun hutu a zamanin Rawlings, cikin shekarun 1990, ranar Salla ta zama maganar ƙasa baki ɗaya, ba ta zango kaɗai ba.

To, bari mu fara da ajiye abin da ba namu ba. Hukuncin tsayuwar wata na malamai ne. Malamanmu na Malikiyya suna karantar da cewa wata na tabbata da shaidar adalai biyu, ko jama'a masu yawa waɗanda ba za su haɗu a kan ƙarya ba. A nan Ghana kuwa akwai kwamitin duban wata da ofishin Babban Limamin Ƙasa, kujerar da Shaihu Usmanu Nuhu Sharubutu ya hau a 1993, su ke tattara labari su yi sanarwa. Hoto ba ya zama madadin shaida. Abin da hoto zai iya shi ne ya dafa wa mai gaskiya, ya kuma tona asirin mai gaggawa. Amma hoton da ya fita dishi-dishi ba ya yin ko ɗaya, sai dai ya ƙara wa wuta itace. Namu a wannan fili shi ne dishi-dishin nan: daga ina yake, kuma yaya ake maganinsa.

Duk wanda ya yi aji huɗu ko biyar ya tuna ranar da malami ya fito da yara tsakar makaranta da madubin nan mai ƙara girman abu, ya tara hasken rana a kan takarda har ta yi hayaƙi. Yara sukan ɗauka wasa ne, alhali kuwa kyamara ke nan gaba ɗayanta. Ɗan ɗigon nan mai ƙuna hoton rana ne. In ka matso da madubin kusa da takarda ɗigon ya baje, in ka ja shi baya da yawa ya sake bajewa. Wuri ɗaya tak yake tsukewa ya yi kaifi. Tazarar da ke tsakanin madubi da takarda a wannan wuri ita ce lambar da ake rubutawa a jikin idon kyamara, 50mm ko 200mm ko 300mm. Neman wannan wuri shi ne abin da masu sana'a ke kira fokas, mu kuwa mu ce saiti. Ilmin ba baƙo ba ne a wurinmu. Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya rasu a Alƙahira wajen 1040, shi ne ya kafa hujja cewa haske ne ke shigowa ido daga abin da ake kallo, kuma ya yi gwaje-gwaje da ɗaki mai duhu da 'yar ƙofar haske.

Abin da ke kusa yana bukatar a tura gilashin gaba kaɗan, abin da ke nesa a jawo shi baya. Wahalar ita ce, da zarar abu ya yi nisa sosai, motsin da ya rage ba ya kai kaurin farce. Ɗauki ido mai 300mm. Bambancin saitin bishiyar da ke mita 100 da saitin wata bai cika milimita ɗaya ba. Bambancin saitin abin da ke kilomita ɗaya da na wata kuwa bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, ko da yake watan yana can kimanin kilomita 384,400 daga nan. Ka ga ashe aikin ba na ƙarfi ba ne, na lallami ne.

Mai karatu zai ce, to ai kyamarorin yanzu da kansu suke saitawa, me ya kai mu ga murɗa da hannu? Gaskiya ne, tun da kamfanin Konica ya fito da kyamara mai saita kanta a 1977, Minolta kuma ya biyo da tasa babba a 1985, yawancin masu hoto sun huta. Amma na'urar ba ta san wata ba, ba ta san doki ba. Abin da take nema kawai shi ne bakin layi, wato inda duhu ya yi iyaka da haske. Fuskar amarya da baƙin kwalli, ko farar riga a jikin jan bango, nan take ta kama. Jinjirin wata na daren farko kuwa zare ne siriri, fari-fari a kan sama mai fari-fari, ga hazo a tsakani. Sai ka ji injin yana kai da komowa, gaba, baya, ya rasa abin kamawa. In ya gaji sai ya cafke ganyen darbejiyar da ke gabanka ko wayar lantarki, ya bar maka sama a dame. Shi ya sa abu na farko shi ne a nemi ɗan makunnin da ke jikin idon, a kawar da shi daga AF a mai da shi MF, ragama ta dawo hannun mutum.

A nan ne da yawa suke faɗawa rami na biyu. A jikin zoben saiti akwai lambobin nisa, mita 1, mita 3, mita 10, daga ƙarshe sai wata alama kamar lamba 8 ta kwanta barci. Ita ce alamar nesa marar iyaka. A tsofaffin kyamarori irin su Pentax K1000 da Yashica da Zenit, waɗanda masu hoton da suke ratayawa a wuya suna zaga gidajen suna da biki, yawanci in ka murɗa zoben har ya tsaya cak, to ka iso, ko a duhu kake. Dattawan sana'a da hannunsu ya saba da haka har gobe sukan murɗa sabon ido har ƙarshe su danna. Sai hoto ya fito a dame, su ce kayan zamani ba su da aminci. Ba haka ba ne. Da gangan masu ƙera sababbin idanu suka bar zoben ya zarce alamar kaɗan. Dalili, ƙarfe da gilashi suna buɗewa da zafi su tsuke da sanyi, kuma wurin da saiti ya zauna da asubar hunturu ba nan zai zauna ba da la'asar ɗin watan Maris a Bawku, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Ban da haka injin saitin yana bukatar ya ɗan wuce wurin sa'an nan ya dawo ya tabbatar. Saboda haka a sabon ido, ƙarshen zobe ya wuce wata, ya wuce taurari, babu abin da ke da kaifi a can. Wasu idanun ma ba su da lamba ko alama sam, zoben yana ta juyawa ba iyaka, domin ba shi ke tura gilashin ba, saƙo kawai yake aika wa injin. Irin waɗannan, da yawansu in ka kashe kyamara ka kunna, saitin ya tashi, sai ka sake daga farko.

To yaya za a yi? Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun da sauran rana, bayan la'asar, a je wurin da aka zaɓa, inda yamma take a buɗe. A Salaga wannan shi ne rabin aikin, domin ƙasar shimfiɗe take, kaɗanya da ɗorawa da mangwaro sun tare gindin sama, sai an sami bene ko fili a bayan gari. A kafa kyamara a kan mai ƙafa uku. In babu, buhun yashi ko na masara a kan katanga ya fi hannun kowane jarumi. Sai a nemi abu mai nisa mai kaifin baki, kamar dogon ƙarfen sabis na waya ko hasumiyar masallacin wata unguwa, a saita a kansa.

Amma nisa nawa ne nisa? Nan ne lissafi ke da amfani. Da ido mai 50mm, an tsuke ƙofar haske zuwa f/8, in ka saita a kan abin da ke mita 10 da 'yan kai, duk abin da ke bayansa har sama zai fito da kaifin da ido zai yarda da shi. Da mai 200mm sai ka nemi abin da ya kai mita 170. Da mai 300mm kuwa sai kusan mita 375. Wannan ma lissafin zamanin fim ne, na hoton da za a wanke a riƙe a hannu. Yau da kowa ke buɗe hoto da yatsa biyu yana leƙa cikinsa, mu shawararmu ita ce a ninka, a nemi abin da ya kai kilomita ɗaya ko fiye. Ƙarfen sabis ɗin da ke bayan gidan maƙwabcinka bai isa ba, komai tsawonsa.

Kada a dogara da 'yar tagar leƙe kaɗai. A kunna allon bayan kyamara, a danna alamar ƙara girma har sau biyar ko goma, sa'an nan a murɗa zoben a hankali. Za ka ga ƙarfen ya taso daga hazo ya yi kaifi, ka ci gaba kaɗan har ya fara komawa, ka dawo. Sau biyu ko uku haka, kowane karo kana rage taku, har ka tsaya a tsakiya. Daga nan a kawo salatif a manne zoben, kada hannun riga ko yaro mai son gani ya goge shi. In idon mai zuƙowa ne, a fara zuƙowa iyakar yadda ake so kafin a saita, domin yawancinsu da ka taɓa zuƙo saiti ya gudu. Wanda ya ce lallai shi ta tagar leƙe zai duba, to ya lura da ɗan ƙaramin gare-garen da ke gefenta, wanda ke daidaita ta da ƙarfin idon mai ita. Mu da muka haura arba'in mun san yadda rubutun allo ke nan garau amma na littafi ya fara gudu. In gare-garen nan ya goce, za ka yi ta zargin kyamara alhali tagar ce ba ta dace da idonka ba. A murɗa shi har lambobin da ke cikin tagar su fito sarai, kafin a taɓa zoben saiti.

Gargaɗi ɗaya wanda ba ma so a wuce shi da sauri: muddin rana ba ta faɗi ba, kada a juya dogon ido wajenta, balle a leƙa. Abin da madubin malami ya yi wa takarda shi zai yi wa ƙwayar ido, kuma ba ya warkewa. Waɗanda suka ga husufin ranar 29 ga Maris 2006, wanda ya rufe rana ruf a Ankara da Cape Coast, mu nan arewa ya bar mana ɗan gefe, sun tuna yadda aka yi ta jan kunne a rediyo. Jan kunnen bai tsufa ba.

Da rana ta faɗi, in an yi sa'a Zara matar wata tana yamma a wannan watan, to an sami abin saiti da ya fi kowane ƙarfe. Ita ce ke fara bayyana, kuma ba ta ruɗi: in saiti ya yi daidai ta tsuke ta zama ɗan ɗigo, in ya goce ta kumbura kamar ƙwai. Ba kowane wata take yamma ba, wani lokaci da asuba take fitowa. In ba ta nan sai a nemi Mushtari ko tauraron da ya fara fita, ko jar fitilar ƙarfen sabis mai nisa. Saitin da ya kama tauraro ya kama wata.

Lokaci kuwa kaɗan ne ƙwarai. Mu da ke kusa da tsakiyar duniya, Salaga tana wajen digiri 8 da rabi, Bawku wajen 11, rana tana faɗa mana kusan a miƙe, duhu ya biyo ta da sauri. Sama tana juyawa digiri ɗaya cikin minti huɗu. In ka miƙa hannu ka dunƙule, faɗin dunƙulen ya kai kimanin digiri 10, saboda haka jinjirin da ke dunƙule ɗaya bisa gindin sama yana da kamar minti 40 kafin ya nutse, kuma na farkon haske ya yi yawa, na ƙarshen ƙura ta cinye. Tsakiyar nan kuma ita ce lokacin magariba. Masu duba sai su yi shiri, a yi salla a nan kusa da kayan da zarar lokaci ya shiga, ba a tsaya laluben zobe ana kiran salla ba. Wajen dannawa a sa kyamara ta jira sakan biyu bayan an ɗauke hannu, kada ƙiftawar ta kai sakan ɗaya da dogon ido, domin watan tafiya yake yi, cikin minti biyu yakan matsa da faɗin kansa. A ɗauki da yawa, wasu da haske wasu da duhu.

Akwai dishi-dishin da ba laifin saiti ba ne, kuma ya kamata a san shi don kada a yi ta murɗa zobe a banza. Na farko ƙurar hunturu, wadda iska ke kwasowa tun daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi. Azumi yana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, kuma bisa lissafi daga 2026 zuwa 2032 farkonsa yana faɗowa tsakanin Fabrairu da Disamba, wato cikin hazo tsundum. Akwai yammacin da rana kanta takan ɓace tun ba ta kai ƙasa ba. Ran nan ko kyamarar wa ka aro ba za ta ga jinjiri ba. Na biyu kawalwalniya, rawar da iska ke yi bisa ƙasa mai zafi ko kwanon rufi. Wanda ya taɓa tsayawa a Makango yana jiran jirgin fito, ya hangi wajen Yeji da tsakar rana, ya ga yadda gaɓar ke rawa. Maganinta kada a saita ta saman kwanon da ya sha rana.

Masu waya kuma fa? Yawancin masu turo mana hotunan nan da waya suke ɗauka. Girman wata a cikin kyamara kusan tsawon idon ne a raba da 110. Mai 300mm yana ba da wata da bai cika milimita 3 ba. Babban idon waya kuwa tsawonsa 'yan milimita ne, watan da yake kamawa bai kai kan allura ba, zuƙowar da ake yi da yatsa kuma buɗa wannan ɗigon ne kawai. Duk da haka wayoyi da yawa suna da sashen da ake kira Pro, inda za a ja saiti da hannu zuwa alamar dutse. Wanda ke da madubin hangen nesa mai ido biyu yana iya saita shi a kan Zara, ya ɗaure shi, ya kanga wayar a bakinsa. Sai dai a san wani abu. A 2023 wani ya dama hoton wata da gangan, ya sa a allon kwamfuta, ya ɗauka da wayar Samsung daga nesa, sai ga wayar ta fito da wata mai zane-zanen da babu su a allon. Kamfanin ya yi bayani cewa wayar tana gane wata ta gyara shi da abin da aka koya mata. Don ado ba laifi. Don shaida kuwa, a kashe duk wani gyaran kai-tsaye kafin a ɗauka.

Wanda aka turo wa hoto shi ma yana da abin dubawa kafin ya tura gaba. Hasken jinjiri daga rana yake, don haka cikinsa mai haske kullum yana fuskantar inda rana ta faɗi, ƙahonninsa suna kallon sama. A ƙasarmu yakan kwanta kamar ƙwarya, ya ɗan karkata dama ko hagu gwargwadon lokacin shekara. In ka ga jinjiri tsaye ƙiƙam, ko ya kife, ko yana can tsakiyar sama cikin baƙin dare, to ba na daren farko ba ne a nan. In ka gan shi da kauri kamar yankan kankana, na kwana uku ne ko huɗu. Dunƙulallen haske mai zagaye kuwa Zara ce da saiti ya goce mata, ko fitila. Masanin taurari Bafaranshe André Danjon ya nuna tun shekarun 1930 cewa in tazarar wata da rana ba ta kai wajen digiri 7 ba, ba a ganin jinjiri, kuma da wuya ƙwarai ido ya ga wanda bai cika awa 15 da haihuwa ba. Mun yi sa'a agogon Ghana daidai yake da agogon GMT da ake buga lissafin haihuwar wata da shi, ba sai mun ƙara ko mun rage ba. Mai ɗauka kuma ya taimaki jama'a: ya gyara kwanan wata da agogon kyamararsa, ya ɗauki hoto ɗaya mai faɗi da hasumiya ko kukar da kowa ya sani a ciki, ya kuma ajiye na asali, domin WhatsApp yana matse hoto ya zubar da bayanan da ke jikinsa in ba a matsayin takarda aka tura shi ba.

Hannun da ya koyi wannan ba zai rasa aiki ba sauran watanni. Ranar Damba a Yendi, in mahaya sun taso daga nesa wajen fadar Gbewaa, kyamara mai saita kanta hular wanda ke gabanka take kamawa. Ka saita da hannu a kan wurin da ka san dawakin za su bi, ka jira su shigo. Haka giwayen Mole in suna can ƙasan tudu a bakin ruwa.

'Yan'uwanmu na Bawku kuma muna roƙonku da babbar murya. Garin da ya sha dokar hana fita, mutum a kan bene da almuru, ya kafa dogon baƙin abu a kan ƙafa uku yana auna nesa, ba kowa ne zai ce kyamara ce ba. A sanar da liman da mai unguwa, su sanar da jami'an tsaro tun da rana, a hau a cikin jama'a, a sauko da wuri.

Wanda ke da niyyar ɗaukar watan azumi ya fara da na Rajab da na Sha'aban. Ya fita daren uku ga wata, lokacin da jinjiri ya yi kauri ya daɗe a sama, ya saita, ya sa ɗan alama da farin fenti ko salatif a inda zoben ya tsaya. Wata mai zuwa ya gwada daren biyu, ya duba ko alamar tana nan daidai ko zafi ya matsar da ita. Wanda ya sami hoto mai kyau ya aiko mana ta hannun edita, da sunan gari da kwanan wata da ƙarfe nawa aka ɗauka, za mu buga a wannan fili in Allah ya yarda.